Babi na Bakwai: Kyamarar da Ta Wuce Zaure

A ƙasan akwatin ƙarfen mahaifiyata, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa sai da dalili, akwai wata ambulan mai ruwan ƙasa da ta sha hannu har gefenta ya yi laushi kamar tsumma. Hotunan bikin babbar yayarmu ne a ciki. Duk wanda ya san aikin hoto, in ya duba su, ba zai rasa abin gyara ba. A wani an yanke wa Gwaggo rabin ɗankwali, a wani idanun ƙawayen amarya sun yi jawur kamar garwashi, a wani kuma yatsan mai ɗauka ya tare kusurwa guda. Amma a cikinsu ne kaɗai kakarmu take dariya har ana ganin wushiryarta. A cikinsu ne kaɗai ake ganin tsakar gidanmu kafin a yi mata daɓen siminti, da randuna biyu a gindin dabino, da jeren kwanuka a ɗakin amarya tun daga ƙasa har kusa da rufi.

Wadda ta ɗauki hotunan nan 'yar gwaggonmu ce, tana aji uku a sakandare. Kyamarar kuwa ta aro ce, baƙa, ta roba, ba ta fi tafin hannun babba ba. Darasin da mai ita ya ba ta a bakin ƙofa bai wuce kalma shida ba: "Leƙa nan, danna nan, murza nan."

A babin da ya gabata mun zauna da masu hoto na sana'a, masu labule mai zanen bene da furen roba. Aikinsu ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba. Sai dai gidan Bahaushe yana da iyaka, kuma iyakar ita ce zaure. Mai hoto namiji ne, baƙo ne, don haka nan yake tsayawa. Zai ɗauki ango da abokansa, zai ɗauki dattawa a kan tabarma bayan an shafa fatiha, in an yi masa alfarma a fito masa da amarya lulluɓe na ɗan lokaci. Abin da ke faruwa a ciki, wato sa lalle da kamu da wuni da girkin manyan tukwane da tsofaffi mata suna yi wa juna tsiya, duk wannan idonsa bai taɓa kaiwa ba. Ƙaramar kyamara mai araha ita ce ta fara wuce zaure, domin a hannun 'yan gida ta shiga.

Sabuwar jiha, sabbin idanu

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birni. Wanda ya san Dutse Gadawur kafin wannan rana ya san gari ne mai natsuwa: fadar Sarki a Garu cikin duwatsu, dabino ko'ina, gonaki har bakin gidaje. Kwatsam sai ga ma'aikata suna kwararowa daga Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, wasu da iyalansu, wasu kuma suna zuwa Litinin su koma ƙarshen mako saboda ƙarancin masauki. Mai albashi yana da abin da manomi bai cika samu ba a lokacin, wato ɗan rarar kuɗi a ƙarshen wata da kuma dalilin aika hoto gida, a ga ofis, a ga sabon babur, a ga yaro ya fara tafiya.

Bayan ta ma'aikatan nan, hanya ta biyu da kyamarorin suka biyo ita ce ta alhazai. Duk ɗan da ya tashi a wancan zamani ya san kyamarar wasa ta tsarabar Makka, wadda in ka leƙa ka danna sai ka ga Ka'aba, ka sake dannawa ka ga Masallacin Madina. A ƙasan jakar kuma, tsakanin dabino da zamzam da carbi, wani alhajin yakan ɓoye ta gaske, wadda ya sayo wa babban ɗansa a kasuwar Jidda ko Makka. Hanya ta uku ita ce Sabon Garin Kano, inda ake samun sababbi a kwali da kuma 'yan gwanjo a tire. A gidanmu duk wata ƙaramar kyamara "yashika" muke ce mata, ko da kuwa Kodak ko Konica ko Canon aka rubuta a goshinta, kamar yadda kowane garin wanki ya zama omo.

Daga ina ta fito?

Tunanin a yi kyamarar da ba ta bukatar gwaninta ya haura shekara ɗari. A 1888 wani Ba'amurke, George Eastman, ya fitar da akwatin hoto mai suna Kodak, wanda ake sayarwa dala 25 da fim na hoto 100 a cikinsa. In ka ƙarar, sai ka aika da akwatin gaba ɗaya kamfani, a wanke, a sa sabon fim, a dawo maka da shi. Alkawarin da ya yi wa masu saye shi ne su dai su danna, sauran aikin nasa ne. A 1900 ya fitar da Brownie a kan dala 1, hoto ya sauko daga hannun masu hali ya shiga hannun yara. Irin wannan akwati na Brownie ne J. D. 'Okhai Ojeikere ya saya a 1950, ya fara koyo da shi, kafin ya zama mutumin da duniya ta sani da hotunan kitson matan Najeriya kusan dubu. Wanda ya raina ƙaramar kyamara ya tuna da wannan.

Sauran tarihin duk ƙoƙari ne na ɗauke wa mai ɗauka wahala ɗaya bayan ɗaya. A 1963 Kodak ta kawo Instamatic, wadda fim ɗinta ke cikin ƙoƙon roba, sai dai a jefa a rufe. A 1967 kamfanin Olympus na Japan ya fitar da Trip 35, wadda ke auna haske da kanta ba tare da batir ba, in duhu ya yi yawa kuma wata 'yar jar alama ta taso ta hana ka dannawa. An sayar da fiye da miliyan 10. A 1977 Konica C35 AF ta zama ta farko a kasuwa da ke auna nisan abin da za a ɗauka da kanta, bayan shekara biyu Canon AF35M ta zo da injin da ke murza fim. Daga 1983 aka fara buga wa gwangwanin fim wasu murabba'ai baƙi da fari, waɗanda kyamara ke karantawa ta gane ƙarfin fim ɗin. A 1986 Fuji ta fito da wadda ake amfani da ita sau ɗaya a miƙa wa mai wanki. A shekarar da aka haifi Jigawa kuwa, 1991, Olympus ta fitar da mju, mai murfin da ake zugewa, wadda ke shiga aljihun kaftani ba a san tana nan ba. Turawa sun yi wa wannan dangi duka laƙabin da ke nufin saita ka danna.

Araha da ta yi ado

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kan yawancin kaya gaskiya suka faɗa. To yaya aka yi kyamarar roba, mai idon roba, ta bar mana hotunan da har yau ake gane kowa?

Mafi arahar cikinsu ba ta auna komai. Ƙofar da haske ke shiga an ƙuntata ta, shi ya sa duk abin da ya wuce taku biyu daga gabanta, har zuwa dutsen da ke can nesa, yake fitowa sarai. Ƙiftawarta guda ce tak, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Asirin yana wajen fim. Fim mai kala leda ce da aka shafa wa sinadarin azurfa hawa-hawa, kowane hawa da launin da yake kamawa, kuma yana da haƙuri ƙwarai. In haske ya yi masa yawa yakan shanye, mai wanki ya gyara a wajen bugawa. Abin da ba ya yafewa shi ne ƙarancin haske. Mu kuwa a ƙasar nan Allah ya hore mana rana. Saboda haka kyamarar da ke wahala a damunar Ingila, a filin Idin Dutse sai ta yi abin a zo a gani.

Kurakuranta ma duk suna da dalili. Yanke kai da ɗankwali yana faruwa ne domin tagar da kake leƙawa daban take da idon da ke ɗaukar hoton, tana sama da shi kaɗan, in ka matso kusa sai abin da ka gani ya saɓa da abin da ta gani. Jan ido kuwa saboda fitilarta tana dab da idonta ne. A cikin duhu ƙwayar idon mutum a buɗe take, hasken ya shiga ya bugi jijiyoyin jini na can ciki, ya dawo ja. Ita fitilar ba ta wuce taku huɗu zuwa biyar, shi ya sa hoton majalisin dare yakan fito da mutum uku na gaba fes, na baya kuma sun narke cikin duhu.

Akwai matsala guda da ta fi shafar mu. Ka tsai da mutum baƙi cikin farar shadda da tsakar rana, sai rigar ta fito tana ƙyalli, fuskar kuma ta dushe, inuwar hula ta rufe idanu. Kyamara mai auna haske farar rigar ce ke ruɗa ta, ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Ƙari a kan haka, tun daga shekarun 1950 katin gwajin da Kodak ke raba wa masu wanki don daidaita launi hoton farar mace ne, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Masu hotonmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun gano maganinsa da ido: a koma inuwar darbejiya, a bari sai hantsi ko la'asar sakaliya, ko a kunna fitila ko da rana ce don ta haska fuska. Lokacin hunturu kuma, in hazo ya lulluɓe duwatsun Garu, haske yakan yi laushi, fuska ta fito da kyanta ba inuwa.

Talatin da shida

Fim yana zuwa ne da hoto 12, ko 24, ko 36. A saman kyamara akwai 'yar taga mai nuna lamba, kuma duk gidan ido na kanta. Na tuna wata ƙaramar Sallah da aka damƙa wa yayana kyamara da fim guda, aka ce ya ishe mu har hawan Bariki. Tun da asuba aka fara lissafi: Baba da rawaninsa ɗaya, Inna da abokiyar zamanta ɗaya, yara maza ɗaya, mata ɗaya, sauran a adana wa dawakai. Ƙanwarmu ta biyo shi har zaure tana jan rigarsa.

"Yaya, don Allah ni kaɗai, da sabon takalmina."

"Saura goma sha ɗaya, kuma Sarki bai fito ba. Ki shiga cikin na su Inna."

"Ai a ciki ba za a ga takalmin ba."

Ya dubi lambar, ya dube ta, ya ce ta tsaya jikin bango ta daina motsi. Hoton nan yana nan. Na dawakin yawancinsu ƙura ce da gindin doki, domin mahayi ba ya jiran mai saiti. Na takalmin kuwa 'ya'yanta suna karɓa hannu-hannu suna dariya.

Ƙarancin nan ya koya mana abin da ba mu san muna koyo ba. Kafin a danna sai an tambayi kai: wannan ya cancanta? Sai an kira wanda ke bayan gida, an jira tsohuwa ta gyara mayafi, an goge wa yaro hanci. Ɗaukar hoto taro ne, kuma wanda aka sa a ciki ya san an ba shi matsayi. Akwai dattawan da ba su yarda a ɗauke su ba, wasu saboda fahimtarsu ta addini, wasu saboda kunya, kuma ba a matsa musu. Kakanmu na wajen uba yana cikinsu. Hotonsa ɗaya ne a duniya, ɗan fasfo na takardar aikin Hajji.

Fim yakan kwana wata biyu ko uku a cikin kyamara. Ya fara da Sallah, ya bi ta sunan jariri, ya ƙare a ranar da ɗalibai ke barin makaranta suna rungume da juna. In ya ƙare a naɗe shi ya koma gwangwaninsa. Mu dai namu Kano yake zuwa. Akan ba direba ko wani ɗan'uwa mai zuwa sari, ya bi ta Shuwarin da Gaya da Wudil, ya kai wa masu wanki. A can injin zai ratsa da shi cikin ruwan magani mai ɗumin kusan digiri 38, bisa tsarin C-41 da Kodak ta kawo a 1972, sannan a buga a kati. Bayan kwana uku ko mako ambulan ta dawo, da hotuna da kuma dodon hoto, wato ledar nan mai ruwan goro inda fari ke zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ranar nan ba a cin abincin dare a kan lokaci. Kowa ya wanke hannu, a zauna a tabarma, ana miƙawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga nasa ya yi kyau sai ya ce a wanko masa kofi biyu.

Ba kullum ake dariya ba. A sunan ɗan fari na yayarmu, wani yaro ya ɗauki kyamara ya buɗe bayanta don ya ga mutanen da ke ciki. Daƙiƙa biyu aka yi kafin a fizge a rufe. Da ambulan ta dawo, sai guntuwar takarda: fim ya ƙone. Hoto huɗu aka tsira da su, su ma da jan harshen wuta a gefe. Yayarmu ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki. Jaririn nan yanzu magidanci ne, kuma ba wanda zai iya nuna masa fuskarsa ta ranar suna.

Tafiyar fim zuwa hannun baƙi ta sa mata sun san iyakarsu. An san mai wanki zai gani, direba ma yana iya leƙawa, don haka ko a cikin gida ba a ɗaukar mace sai ta shirya ta yarda. Ambulan in ta dawo, hannun uwar gida take faɗawa, ita ke raba wanda zai shiga albam na falo da wanda zai koma ƙasan akwati. Kyamara ta wuce zaure, amma hoton bai fita ba sai da izini.

Yadda ta ɓace

Abin da ya kashe fim a gidan Kodak aka haife shi. A 1975 wani injiniyansu, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. Kamfanin bai yi saurin rungumar ta ba, domin ribarsa a fim take. A Najeriya wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, bayan 'yan shekaru kuma wayoyi masu kyamara suka cika kasuwa. AgfaPhoto ta durƙushe a 2005, a shekarar ne kuma Kyocera, mai Yashica, ta daina ƙera kyamara. Konica Minolta ta bar sana'ar a 2006. A Janairun 2012 ita kanta Kodak ta nemi kariyar kotu saboda bashi. A nan gida ba wanda ya yi shela. Kawai dai wata rana ka je kanti ka tambayi fim aka ce babu, ka koma aka ce ba a kawowa, sai kyamarar ta koma saman kabad.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa ina jin daɗin bana. Waya ta ba talaka abin da fim bai taɓa ba shi ba. Uwa a Jahun tana ganin jikanta na Legas a ranar da aka haife shi, kuma ba mai cewa saura goma sha ɗaya. Amma ku tambayi duk wanda ya yi aure shekara goma da suka wuce ya nuna muku hoton bikinsa. Da yawa za su ce wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta a kasuwa, ko katin ajiyar ya lalace. Hotuna ɗari biyar sun tafi a dare ɗaya, na ambulan ɗin Inna kuwa suna nan.

Ga mai sha'awar gwadawa yau

Abin mamaki, fim ya sake farfaɗowa a hannun matasan da ba su tashi da shi ba. An fito da sababbin kyamarori masu sauƙi irin su Kodak M35 da Ilford Sprite 35-II. A 2022 aka kawo Kodak Ektar H35, wadda ke raba kowane gurbi biyu, fim mai 36 ya ba da hoto 72. A 2024 Pentax 17 ta fito a kan kusan dala 500. Tsofaffi irin su Olympus mju-II da Yashica T4, waɗanda a da ake zubarwa a tire, yanzu sun yi tsadar da ta fi ƙarfin mai ɗauka don nishaɗi. Kada suna ya ruɗe ka. Wadda ke saman kabad ɗin kawunka ta isa.

Kafin ka kashe ko kwabo, fara neman mai wanki, domin sun yi ƙaranci ƙwarai a Arewa, kuma fim daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. In ka samu, sai ka duba kyamarar. Buɗe gidan batir, in ka ga farin gari ko kore to tsohon batir ya zuba, sai an goge, wani lokaci ma ya riga ya cinye wayoyin. Ka fifita mai cin batir irin na agogon bango, wanda ake samu a kowane teburin mai shago, a kan mai cin gajeren batir na musamman. Buɗe bayanta ka shafa baƙin soson da ke gefen murfi, in ya narke yana manne wa yatsa haske zai yi sata ta nan. Ɗaga ta sama wajen haske ka danna, ka ga ko idon yana ƙiftawa, ka duba ko akwai wani farin zare kamar saƙar gizo a cikin gilashin. Kunna fitila ka kasa kunne, lafiyayya takan yi ɗan siririn kuka kafin ta cika.

Fim mai lamba 200 ya dace da ranarmu, mai 400 ya fi a cikin ɗaki da yamma. Zafi maƙiyinsa ne, kada ka bar shi a mota a watan Afrilu. In da firiji sa shi ciki, in babu, nemi wuri mai sanyi nesa da rufin kwano. Da hunturu ka sa kyamara a jaka saboda ƙura. Fim na farko kuma gwaji ne, a ƙofar gida za ka ƙarar da shi, kada ka fara da bikin ƙanwarka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ke ƙasan akwati

Ko ba ka taɓa sayen fim ba, akwai aikin da ke jiranka, kuma ya fi gaggawa. Launin hoton kati ba ya dawwama. Zafi da laima da hasken rana suna cin sa a hankali, shi ya sa hotunan shekarun 1990 suka fara komawa ja-ja. Albam mai danƙo yana ƙona bayansu, gara tana cin su, ruwa kuma in ya taɓa su sai su manne su zama dunƙule. Ambaliyar 2022, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ta tafi da gidaje da gonaki da rayuka, waɗannan an ƙirga su. Akwatunan da ta jiƙa, da fuskokin iyaye da kakanni da suka narke a ciki, suna cikin asarar da ba ta shiga lissafi.

Ka fito da su. Ka ɗauki kowanne da wayarka a inuwa, ba da fitila ba, ka ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ka mai da katin cikin busasshiyar ambulan, a sama, nesa da ƙasa da bango. In ka tarar da dodon hoto kada ka yar, ya fi katin riƙe bayani, ana iya sake fitar da sabo daga jikinsa. Hoton matan gida kuma amana ne, waɗanda suka tsaya gaban kyamarar sun tsaya ne don 'yan gida, kada ka ɗora a Facebook ko WhatsApp sai da yardarsu ko ta 'ya'yansu. Waɗanda suka nuna gari, tsohuwar kasuwa, hawan Sallah zamanin Sarki Muhammadu Sanusi ko farkon sarautar marigayi Nuhu Muhammad Sanusi, filayen da yanzu suka zama unguwanni, waɗannan dukiyar jama'a ce. Ina fatan wata rana masana tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, za su bi gida-gida su nemi kofinsu, domin tarihin yadda garin nan ya zama birni rabinsa yana hannun waɗanda ba su taɓa kiran kansu masu hoto ba.

A Birnin Kudu, a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari. Sun zana abin da ya fi musu daraja, kuma zanen ya kai gare mu. Sunayensu ne ba su iso ba. Ba mu san wa ya zana ba, ba mu san shanun wa ba ne. Haka hoto yake zama in wanda ya san mutanen ciki ya tafi.

Shi ya sa a zuwana gida na ƙarshe na ɗauki fensir na zauna kusa da mahaifiyata da ambulan ɗin nan. Idonta ya yi rauni, sai ta kai hoton dab da fuska.

"Inna, wannan ta bayan Gwaggo, mai riƙe da tulu, wace ce?"

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta faɗi sunanta, da sunan ƙauyensu a ƙasar Kiyawa, ta ce ita ce ta yi mata wankan jego lokacin da aka haife ni, kuma ba ta kai damunar gaba ba bayan bikin. Ban taɓa jin sunan matar nan ba sai ranar. Na juya katin na rubuta, harafi ɗaya-ɗaya, ba tare da na danna fensirin ba. Inna ta ce Allah ya jiƙanta, na ce amin, ta miƙo hannu ta karɓi na gaba.